Yadda ake yanka DNA da enzayim, da yadda za ka tabbatar ya yanku

A wata bazara, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke wuce digiri 40, wata ɗalibar ajin ƙarshe ta same ni a ɗakin gwaji da hoton jel a wayarta, wato wani daskararren abu mai laushi da ake zuba DNA a ramukansa, wutar lantarki ta ja shi ya rabu layi-layi bisa tsawonsa. Samfuri goma sha biyu ta yi wa aiki, duk daga jinin ƙawayenta da suka amince, kuma kowane rami layi ɗaya tak ya fitar. Ta ce, "Malam, bisa abin da na karanta, duk sikila ne, SS." Hannunta na rawa, domin biyu daga cikinsu an sa musu rana. Na ce, "'Yata, ina shaidunki?" Ina nufin samfuran da aka riga aka san abin da za su nuna, waɗanda ake gwada sauran da su. Ba ta sa ko ɗaya ba. Da muka bi diddigi sai muka gano cewa enzayim ɗin ya kwana uku a firizar da babu wuta. Bai yanka komai ba, ita kuma ta ɗauki shirunsa a matsayin amsa.

Tun daga ranar nake koyar da wannan aiki ta wata fuska. Haɗa kayan cikin bututu ba ya cin minti goma. Abin da ke da wuya shi ne ka iya rantsuwa cewa abin da ka gani a jel daga DNA ya fito, ba daga mataccen enzayim ba. Ga yadda nake bi da ɗaliban da ke zuwa daga Aliero, Birnin Kebbi, wasu har daga Gusau.

Da farko ka san abin da ke hannunka. Wannan enzayim, wanda a Turance ake kira restriction enzyme, furotin ne da bakteriya ke ƙerawa don kare kanta daga ƙwayoyin bairos masu shiga cikinta. Idan baƙon DNA ya shigo, sai ya nemi wasu harufa a jere (DNA dogon zare ne da aka jera da harufa huɗu, A, C, G da T) ya datse shi a nan, shi ya sa muke ce masa almakashin DNA. Nata DNA ɗin kuwa tana yi masa alama da wani ɗan sinadari mai suna metil, don kada almakashin ya juyo kanta. Gano wannan da amfani da shi ne ya sa aka ba Werner Arber da Daniel Nathans da Hamilton Smith kyautar Nobel a 1978. Sunan kowane enzayim kuma daga uwar da ta haife shi yake: EcoRI daga Escherichia coli, HindIII daga Haemophilus influenzae, BamHI daga Bacillus amyloliquefaciens. EcoRI na neman GAATTC ya yanka tsakanin G da A. HindIII na neman AAGCTT. BamHI na neman GGATCC. Waɗannan ukun yankan karkace suke yi, su bar ɗan baki mai harufa huɗu a waje wanda ke saurin mannewa da ɗan'uwansa. EcoRV da SmaI kuwa yankan gundumi suke yi, baki a daidaice.

Matakin farko: takarda kafin fifet (abin auna ɗigon ruwa a ɗiba)

Tun ran gini tun ran zane. Kada ka buɗe firiza sai ka zana a littafinka hoton da kake sa ran gani a jel. Ka samo jerin harufan DNA ɗin da za ka yanka, ka saka shi a NEBcutter, manhajar da New England Biolabs ta ajiye kyauta a intanet, ta nuna maka inda enzayim ɗinka zai faɗa da tsawon kowane gutsure. Enzayim mai neman harufa shida, a ƙiyasi, sau ɗaya yake samun wuri cikin harufa 4,096. Mai neman huɗu kuwa sau ɗaya cikin 256, don haka shi farfesu zai yi wa dogon DNA. Wannan lissafi ne kawai; jerin harufanka ne ke da magana ta ƙarshe.

Bari mu tsaya kan misalin sikila, domin babu gidan da bai san ta ba a ƙasar nan. A ƙwayar halittar da ke ƙera jan sinadarin jini, wato bita-gulobin, akwai wuri mai harufa CCTGAGG. A mai sikila, A ɗin da ke ciki ya koma T, wurin ya zama CCTGTGG. Harafi ɗaya ne ya canza. Enzayim DdeI yana neman CTNAG, inda N ke nufin kowane harafi, don haka yana yanka lafiyayyen wurin, amma idan ya iso wurin mai sikila sai ya wuce bai gane shi ba. MstII da takwaransa Bsu36I ma haka suke yi. Idan ka yawaita wannan yanki da PCR, wato dabarar kwafar yankin DNA sau da yawa a cikin inji, ka yanka, mai AA zai ba ka gajerun gutsattsari, mai SS zai bar dogon yadda yake, mai AS kuma zai nuna duka biyun, dogon da gajerun. Tsawon kowanne ya danganta da firaimar da ka zaɓa, wato gajerun DNA da ke shata farko da ƙarshen yankin da za a kwafa, kuma DdeI na iya samun wasu wuraren a cikin yankin, shi ya sa zanen farko ya zama dole.

Ka lura da tarkon nan sosai. Amsar SS ita ce rashin yanka. Mataccen enzayim ma rashin yanka yake bayarwa. Enzayim mai rauni, wanda ya yanka rabi ya bar rabi, zai mayar da AA ya zama AS a idonka. Akwai kuma wani abu da ɗalibai ke mantawa: nau'in C, wanda ake samu a Afirka ta Yamma, harufansa CCTAAGG ne, kuma DdeI na yanka shi sarai. Ma'ana mai AC zai fito kamar AA, mai SC kuma kamar AS. Saboda haka wannan aiki na koyo ne da bincike. Ba da shi ake yanke maganar aure ba. Wannan na asibiti ne, inda ake da ingantaccen gwajin jini.

Matakin biyu: shaidu

Ba a yanke hukunci babu shaidu, kuma a nan aƙalla biyu nake so. Na farko DNA ne da ka tabbata enzayim ɗinka na yanka shi, misali samfurin da asibiti ya riga ya tabbatar AA ne. Idan shi bai yanku tas ba, ka zubar da sakamakon ranar gaba ɗaya, komai kyan hoton. Na biyu samfurinka ne da aka haɗa masa komai ban da enzayim, aka cike gurbin da ruwa, ya sha ɗumi tare da sauran. Shi zai nuna maka yadda DNA ɗin yake kafin a taɓa shi, kuma idan ya fito a dagargaje ka san ɓarnar daga ruwanka ko bafarka take, wato ruwan gishirin da enzayim ke aiki a cikinsa. Idan kana da tabbataccen SS da AS, ka ƙara su. Rami biyu ko uku a jel ba su kai tsadar maimaita aikin wata guda ba.

Idan sabon kaya ya iso daga Legas ko Abuja bayan doguwar tafiya a mota, ko an ɗauke wuta na kwanaki, ina gwada enzayim da DNA ɗin lamda, wani bairos mai shiga bakteriya, kafin ya taɓa samfurin kowa. Tsawon lamda harufa 48,502 ne, kuma an san abin da kowane enzayim ke yi masa. EcoRI na raba shi gida shida. HindIII na raba shi gida takwas: 23,130, 9,416, 6,557, 4,361, 2,322, 2,027, 564 da 125. Na ƙarshen ba kasafai ake ganinsa ba don ƙanƙantarsa, na 4,361 kuma yakan dushe saboda yana mannewa da babban, sai an ɗumama samfurin a digiri 65 na minti biyar an tsoma shi a ƙanƙara kafin a zuba a jel.

Matakin uku: lissafi da haɗi

Ƙarfin enzayim da yunit ake auna shi. Yunit ɗaya shi ne abin da zai yanka maikirogiram 1 na DNA ɗin lamda cikin awa ɗaya, a haɗi mai maikirolita 50, a zafin da ya dace da shi. Amma DNA ɗinmu ba kasafai yake da tsabtar na kamfani ba, don haka akan ba kowane maikirogiram yunit 5 zuwa 10.

A ce ka auna DNA ɗinka ka samu nanogiram 50 a kowace maikirolita. Maikirogiram ɗaya ke nan zai ci maikirolita 20. Bafa tana zuwa da ƙarfi ninki goma, don haka kashi ɗaya cikin goma na haɗin za ta ɗauka, wato maikirolita 5. Enzayim 1. Ragowar 24 ruwa ne, ruwan da aka tsarkake don wannan aiki, ba na famfo ko na leda ba. Jimla 50. Idan kayan PCR ne kamar na sikila, ƙaramin haɗi ya isa: ruwa 7, bafa 2, kayan PCR 10, enzayim 1, jimla 20. Kafin nan ka zuba kaɗan daga kayan PCR ɗin a jel ka ga layi ɗaya mai tsabta ya fito, don kada ka ɓata enzayim a kan ruwa zalla.

Akwai iyaka ɗaya da ba a ƙetarewa: kada enzayim ya wuce kashi ɗaya cikin goma na haɗin. Dalili shi ne ana ajiye shi cikin gilisarol kashi 50 cikin ɗari don kada ya daskare a firiza. Idan gilisarol ya wuce kashi 5 cikin ɗari a haɗinka, enzayim na iya ruɗewa ya fara yanka wuraren da suka yi kama da nasa amma ba nasa ba. EcoRI ya yi ƙaurin suna a wannan hali. Yawan enzayim, bafar da ba tasa ba, da barin haɗi ya daɗe fiye da kima, duk suna jawo hakan. Ɗalibi kan ce, "Malam, in ƙara masa don ya fi ci?" A'a. Yaji ne, idan ya yi yawa miyar ta lalace.

Ka fito da bafa ta narke gaba ɗaya, ka girgiza ta. Idan ka ɗiba tana da sauran ƙanƙara a ciki, gishirin da ka ɗauka ya fi kima, wanda ka bar wa na bayanka kuma ya tsinke. Bafar nan ita ke ɗauke da maganiziyam, wanda idan babu shi almakashin ba ya motsi. Kowane enzayim da bafar da ya fi so, kuma takardar da ke cikin kwalinsa ta faɗa. Ka karanta ta, ko da ka yi aikin sau ɗari, don kamfanoni na canza bafa.

Sa safar hannu, rubuta lamba a murfi da gefen kowane bututu, sannan ka zuba bi da bi: ruwa, bafa, DNA, enzayim a ƙarshe. Shi enzayim sai komai ya kammala ake fito da shi, daga firiza kai tsaye zuwa cikin ƙanƙara, kuma da ka ɗiba ya koma. Ka riƙe bututunsa ta murfi, kada ka dunƙule gindinsa a tafin hannu, domin ɗumin jikinka kusan digiri 37 ne. Yana da kauri kamar zuma, don haka bakin tsinken fifet kawai za ka tsoma a samansa. Idan ka nutsa shi can ƙasa, abin da zai manne a bayan tsinken ya fi wanda ka auna. Ka ɗaga shi zuwa haske ka ga ɗigon da idonka, ka sa shi cikin ruwan haɗin, ba a bangon bututu ba. Sabon tsinke kowane ɗiba. Tsinke ɗaya da ya taɓa DNA ya koma cikin enzayim ya isa ya lalata kayan da sashe guda ya haɗa kuɗi ya saya.

Idan samfuran na da yawa, ka haɗa ruwa da bafa da enzayim a bututu ɗaya ka rarraba. Bututu goma sha biyu, ka yi lissafin sha uku saboda abin da ke maƙalewa: ruwa 91, bafa 26, enzayim 13, kowa ya samu 10, sannan ka bi su da DNA. Ka gauraya a hankali da fifet, ko ka ɗan ɗalli gindin bututun da yatsa. Kada ka sa a injin girgiza, furotin ne, duka na lalata shi. Sai ka ɗan juya su a santirifuj na daƙiƙa kaɗan, ɗigon da ke bango ya sauko. Lokacin hunturu kuma ka rufe tagogi ka kashe fankar da ke kanka, kada ka bar bututu a buɗe, don ƙurar nan ba ta neman izini.

Matakin huɗu: ɗumi

Yawancinsu digiri 37 suke so, awa ɗaya. Akwai waɗanda aka inganta da ke gamawa cikin minti 5 zuwa 15. Amma ba duka ba: TaqI 65 yake so, domin uwarsa a maɓuɓɓugar ruwan zafi take rayuwa, SmaI kuma 25, wanda a bazararmu ya fi 37 wuyar samu, don ɗakin kansa ya wuce haka. A irin wannan rana injin PCR ne mafita, tunda yana iya riƙe zafin da ka ba shi, sama ko ƙasa.

Idan tukunyar ruwan ɗumi za ka yi amfani da ita, kada ka yarda da lambar da ke jikin injin kaɗai, ka tsoma tamomita ka gani. Idan kuma wuta ba ta da tabbas, filas ɗin shayi mai faɗin baki na yin aikin: ka haɗa ruwan zafi da na sanyi har tamomita ta tsaya a 37, ka soke bututun a ɗan farin soso mai yawo a kan ruwa, ka rufe. Filas mai kyau na riƙe zafin na awa ɗaya, sai dai ka duba a tsakiya. Na yi haka ba sau ɗaya ba, lamda ta fito layi-layi yadda ake so. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ajiye bututu a kan tebur a ce ai garin ma 37 ne. Zafin gari na hawa da sauka, kuma ba za ka iya rubuta shi a rahoto ba.

Da lokaci ya cika, ka tsayar da aikin. Idan jel kawai za ka zuba, rinin lodi ya wadatar, musamman mai EDTA, wanda ke kame maganiziyam. Yana zuwa ninki shida, don haka maikirolita 4 ga haɗi mai 20. Idan kuwa za ka ɗinke gutsuren cikin wani DNA daga baya, sai ka kashe enzayim da zafi na minti 20: EcoRI a 65, HindIII a 80. BamHI ba ya mutuwa da irin wannan zafin, sai an wanke DNA ɗin an raba su.

Matakin biyar: jel

Gajerun gutsattsari na PCR suna son jel mai kauri, kashi 2 cikin ɗari: giram 1 na garin agaros a mililita 50 na bafar jel, TAE ko TBE. Lamda kuwa kashi 1 ko ƙasa da haka. Ka dafa har ya yi garau babu ko ƙwaya, ka bar shi ya huce har bayan hannunka ya iya jure kwalbar, sannan ka sa rinin da ke haska DNA. Idan etidiyam ne, maikirogiram 0.5 a kowace mililita, kuma guba ne mai taɓa ƙwayoyin halitta, don haka safar hannu dole, sharar sa kuma a mazubi na daban, ba a kwandon da masu shara ke ɗauka da hannu ba. A zafinmu jel na jinkirin daskarewa. Ka ba shi lokaci, idan ka zare matajin da wuri ramukan za su rufta.

Bafar da ka dafa jel da ita, ita za ka cika tankin da ita. Ramuka su kasance ta wajen baƙar waya, domin DNA zuwa jar waya yake gudu. Ramin farko na tsanin awo ne, wato gutsattsarin DNA da aka san tsawonsu, sai shaidu, sai samfura, kuma ka rubuta jerin a littafi kafin ka zuba, ba bayan ba. Ƙarfin wuta bolt 80 zuwa 100 ya isa ƙaramin tanki. Ka ga ƙananan kumfa na tashi daga wayoyin, ka san wuta na bi. Idan ka ƙure shi don sauri, jel zai yi zafi layukan su karkace. Minti 45 zuwa awa ɗaya, sai ka kai shi kan fitilar UV, da garkuwar fuska.

Yanzu ka ɗauko zanenka na farko ka ajiye kusa da hoton. Shaidu za ka fara dubawa. Idan tabbataccen AA ya yanku tas babu ragowar dogon layi, wanda ba a sa wa enzayim ba kuma yana nan ɗaya tilo, to ka karanta sauran. Ka haɗa tsawon gutsattsarin kowane rami, dole ya yi daidai da tsawon asali; a ramin AS gajerun kawai za ka haɗa. Dogon layi mai dishi-dishi a saman gajeru masu haske alama ce ta yankan da bai ƙarasa ba: ka maimaita da ƙarin lokaci ko ka rage DNA. Layuka fiye da waɗanda ka zana suna nuna enzayim ya ruɗe, ko PCR ɗin ya kwaso abin da ba a aike shi ba. Shafe kamar hayaƙi daga sama har ƙasa, DNA ne ya ruɓe. Idan shaida ya yanku amma samfuri ya ƙi, ka zargi dattin da ya biyo shi daga wanki, irin su barasar etanol, fenol ko gishiri. Idan kuma filasmid ne, wato ɗan DNA mai siffar zobe, da aka noma a cikin E. coli, ka tuna da alamar metil: ita kan hana BclI yanka, wani lokaci har XbaI da ClaI, ya danganta da harufan da ke maƙwabtaka da wurin. Kayan PCR ba su da wannan matsala. Filasmid da ba a yanka ba kuma yakan fito layi biyu ko uku saboda yadda ya nannaɗe, yankakke sau ɗaya ne ke zama layi ɗaya a daidai tsawonsa, kamar pUC19 a 2,686.

Saura ajiya, wadda a wurinmu ita ce rabin aikin. Enzayim a digiri 20 ƙasa da sifili yake zama, can cikin firiza, ba a jikin ƙofa ba, kuma ba a firiza mai narkar da ƙanƙararta da kanta ba, don ita ɗumama kanta take yi lokaci-lokaci. Ka cika gurbin da ya rage da gorunan ruwa su daskare, su riƙe sanyi idan wuta ta tafi. Ka liƙa takarda a murfin a riƙa rubuta ranar da aka ɗauke wuta da awannin da ta yi. Ka san lambar mai sayar da ƙanƙara mafi kusa, kula kuma ta zauna a wanke. Idan akwai firiza mai sola a wani sashen, ka raba kayan gida biyu ka kai rabi can.

Ɗalibar nan ta sake aikin bayan mako uku da sabon DdeI, da shaidu uku a ramukan farko. Kafin ta zuba samfurin kowa, sai da ta kira ni na ga AA ɗin ya rabu. Ƙawayen nata biyu kuwa tun a makon farko ta raka su asibiti aka yi musu gwajin da ya dace.